Siter da tsibi: yadda ake auna itacen damina, a jera shi, a tsare shi a Maradi

Tun ranar da wasu maƙwabta suka shigo gidanmu a tsakiyar watan Agusta suka tarar Inna na suyar ƙosai da busasshen itace, alhali unguwa duk ta turnuƙe da hayaƙin jiƙaƙƙe, tambaya ba ta yanke mini ba. Wani ya tare ni a bakin masallaci, wani ya aiko ɗansa, wasu kuma ta waya. Duk tambayar ɗaya ce: mene ne wannan siter da kake yawan faɗa, nawa zan saya, kuma yaya ake jera shi gara ba ta cinye ba? Amsa guntu-guntu a bakin hanya ba ta gamsar da kowa, shi ya sa na zauna na rubuto shi daki-daki. Shekara da shekaru ni ke sayo wa gidanmu itace, ko icce kamar yadda bakinmu na Maradi ya saba, kuma gida ne da murhu ba ya hucewa: ga girkin iyali, ga kaskon ƙosai da tukunyar koko tun da asuba.

1. Fara da sanin sunan abin da kake saye

Yawancin cutar da ake yi wa mai sayen itace a kan suna take farawa. Dami shi ne wanda aka ɗaure da igiya ko ɓawon kalgo, kamar yadda mata ke ɗaukowa a ka daga daji. Kashi shi ne 'yan faskare uku ko huɗu da ake kasawa a ƙofar gida, na dala goma ko dala ashirin (dala guda sefa biyar ce). Tsibi kuwa duk itacen da aka tara wuri guda, a jere ko a watse. Sai lodi, na amalanke ko na raƙumi ko na mota. Ka duba da kyau, a cikin waɗannan huɗun babu mai iyaka. Damin wance ba damin wance ba ne, kuma tsibin da mai sayarwa ke kira babba, a idonsa ne yake babba.

Siter ne kaɗai ke da iyaka. Kalmar daga Faransanci ta shigo, kuma a bakin ma'aikatan gandun daji da masu kasuwannin itace na karkara aka fi jin ta, irin waɗanda ke kewayen dajin Baban Rafi a yankin Madarumfa. Ma'anarta tsibin itace jerarre mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, kowane itace a cikinsa an sare shi tsawon mita. Ba a yi mata jam'i: siter guda, siter uku, siter biyu da rabi, rubu'in siter.

Abu biyu za ka riƙe. Na farko, itacen da aka zube a watse ba a kiransa siter komai yawansa, sai an jera. Na biyu, siter ma'aunin wuri ne, ba na nauyi ba, kuma har da iskar da ke tsakanin itatuwa yake aunawa. Siter na miƙaƙƙen itace mai kauri da siter na karkatacciyar geza sunansu ɗaya, amma ba su daɗe a murhu daidai ba.

Kashedi: in mai sayarwa ya ce maka "lodin nan ya kai siter biyu", magana ce kawai har sai an sauke an jera. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan itace dai na sha ganin ido ya faɗi.

2. Tanadi kayan aiki

Ba su da yawa. Sanda miƙaƙƙiya da ka auna ta mita ɗaya cif a wurin tela ko kafinta, ka yi mata tsaga a tsakiya da kuma kowane rubu'i. Kada ka dogara da kamu, don kamu biyu na yawancin mutane bai cika mita ba, kuma hannun mai sayarwa da naka ba tsawonsu ɗaya ba. Sai turaku huɗu masu ƙwari, bulo na siminti shida zuwa takwas ga kowane siter biyu, ko manyan duwatsu, dogayen sanduna biyu ko tsohon ƙarfe na shimfiɗa, tsohon kwanon rufi ko zana mai kauri, waya ta ɗauri, gatari, adda, da bokitin toka daga murhu.

3. Gano abin da gidanka ke ci

Kada ka tambayi maƙwabci, murhunsa daban, bakunan da yake ciyarwa daban. Jera rubu'in siter a gefe, wato tsawon mita, faɗin mita, tsayin rubu'in sandarka. Ka roƙi mai girki kada ta taɓa wani itace sai wannan, ka ƙirga kwanakin da zai yi.

A ce ya yi kwana tara. Ke nan siter guda zai kai ka kwana 36. Daminarmu daga Yuni zuwa Satumba ce, kwana 120 ke nan in an ƙaddara, sai ka raba da 36, ka sami siter uku da ɗan ɗori. Sayi huɗu. A damina wuta ta fi cin itace, ga ɗumama ruwan wankan yara, ga baƙi, ga suna ko biki da ba ka sa a lissafi ba. Gidan da ake sana'ar abinci kuwa a auna na sana'a daban, na gida daban, in ba haka ba ba za a taɓa sanin ko ƙosan na biyan kuɗin itacensa ba.

In murhunku duwatsu uku ne a fili, gwada wannan awon sau biyu: sau ɗaya da shi, sau ɗaya da murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi ko ginannen murhun laka. Bambancin kwanakin da za ka gani da idonka ya fi duk wani wa'azin da zan yi maka.

4. Zaɓi lokaci

Daga Maris zuwa farkon Mayu. Lokacin rana ta gasa komai, hanyoyin ƙauye a bushe suke, manoma kuma na sassabe. Tun da sassaben zamani ya kafu a ƙasar Maradi daga shekarun 1980, inda manomi ke barin 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututture ya rage sauran, itacen gona ya yawaita, kuma a wannan tsakanin yake fitowa kasuwa. Da ruwa ya sauka, shanun amalanke sun koma gona, masu saran sun koma shuka, gulbi ya kawo ruwa, hanya ta ɓaci, kuɗin itace sai ya haura.

Kashedi: duba inda Babbar Salla ta faɗo. Wasu shekarun Layya kan zo daf da damina, kuma kowa ya san yadda gari ke neman manyan guma-gumai na gashin raguna a satin. Wanda ya bari sai satin Salla, tsada biyu ce za ta haɗu a kansa.

5. Zaɓi itacen

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, don kyan jeri ba ya gyara mugun itace.

Geza da taramniya da tsiriri da sabara su ne abincin murhunmu na kullum. Sabara saurin kamawa gare ta amma ba ta daɗewa, ta dace da shayi da ɗumame da kunna wuta. Geza siririya ce karkatacciya, amma wutarta na da zafi. Marke in ka samu ka riƙe shi da kyau, nauyi gare shi, garwashinsa na kwana, shi ne na tuwon gidan yawa da dahuwar wake. Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, ana samunsa a cikin gari duk lokacin da aka yi wa itatuwan bakin hanya aski, yana ci lafiya in ya bushe sosai, amma ɗanyensa hayaƙi ne zalla. Ni dai nakan haɗa: kashi biyu mai nauyi, kashi ɗaya ƙirare da sirara. Wanda ya sayi guma-gumai zalla zai sha wahalar kunna wuta ranar da aka kwana ana ruwa.

Waɗanda ba na yarda su shigo gida: tumfafiya da aguwa da duk wani mai farin ƙaro, hayaƙinsu na cin ido da maƙogwaro. Kuka da dashi kuwa girma ne ba nauyi, wuri kawai za su cinye maka a siter. Haka guntayen katako masu fenti ko gam daga shagon kafinta, ba abin dafa abinci ba ne ko da kyauta aka ba ka.

Gane busasshe ba wuya. Ɗauki biyu ka gwara: busasshe ƙara yake yi ƙwal-ƙwal, ɗanye kuwa dum. Duba bakin sara, busasshe ya tsattsage, ɓawonsa na ɓarewa da farce. Ɗaga shi, ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, hannunka zai gaya maka. Wata shekara na kawo wanda na ɗauka ya bushe, Inna ta sa guda a wuta, sai ga kumfa na tsattsafowa ta gindinsa yana tsuwa. Ta dube ni ta ce, "Kai yaron nan, iccen da ke kuka a wuta ai mai girki zai sa kuka." Sai da ta yi sati idonta na ja.

Akwai kuma wanda ya wuce bushewa ya mutu. In ka ga ƙananan huji a jiki da gari mai laushi na zubowa in ka buga shi a ƙasa, ƙwaro ya riga ka. Irin wannan ba nauyi, ba garwashi, kuma zai kai wa sauran cuta.

Kashedi: gawo da ƙirya da tsamiya da aduwa suna cikin itatuwan da dokar daji ta kare. In ka ga ɗanyen saransu a lodi, ka ce a cire ko ka fasa cinikin. Ban da maganar tara, gawon nan shi ke riƙe da gonakin geronmu, ba na son kuɗina ya zama dalilin kayar da ko guda.

6. Ciniki da awo

Hanya biyu ce. Ko ka je kasuwar itace ta karkara da kanka ka yi hayar amalanke ko mota, ko ka tare masu shigowa da lodi da sassafe ta hanyar Madarumfa ko ta Tibiri.

A kasuwar karkara abin ya fi sauƙi, don a jere za ka tarar da shi siter-siter. Duk da haka sa sandarka ta uku: tsawo, tsayi, da tsawon itacen kansa. Sannan ka zagaya bayan tsibin. Gaba kullum kyakkyawa ce, a baya ake gane gajeru. Zaro guda biyu ko uku daga tsakiya ka gani ko sun kai mita. Leƙa ta tsakankanin, in kana hango hasken rana ta ramuka da hannu zai shige, ko ka ga an gicciya karkatattu a ciki sun tokare na sama, iska ake sayar maka. Ka nemi a sake jeri a gabanka, ko a rage kuɗi.

Kashedi: tun dokar 1992 da ta tsara sayarwa da jigilar itace, lodin da ke shiga gari da takardarsa yake tafiya, shaidar an biya haraji, kuma ma'aikatan gandun daji na dubawa a mashigar gari. Kafin amalanke ya motsa ka tabbata takardar na hannun mai tuƙi, kuma adadin da aka rubuta ya yi daidai da abin da aka ɗora. Ku kuma yanke tun a can wa zai biya, kai ko shi.

Mai lodin amalanke kuwa, kada ka yi ciniki da shi itace na bisa. Wata shekara na makara har Yuli, na tare wani mai amalanke da lodi ya yi tozo kamar raƙumi, ya rantse mini siter biyu ne. Na biya, ya zube a ƙofar gida ya tafi. Da na jera da yamma, siter guda da rubu'i na samu, cikin lodin duk ƙirare ne aka gicciya aka lulluɓe da manya. Tun daga ranar na kafa turaku biyu a ƙofar gida, mita ɗaya tsakaninsu, da zane a tsayin mita. Ciniki a kan siter ake yi, a sauke a jera tsakanin turakun, abin da ya cika shi ake biya.

Ba kowa ke son haka ba, kuma yadda ka faɗa shi ne komai. Akwai wani dattijo da ke kawo mana daga wajen Gabi. Ranar farko na ce, "Baba, in ba takura, a sauke a jera nan tsakanin turakun." Ya ɗan yi shiru ya ce, "Ɗana, ba ka yarda da ni ba ke nan?" Na ce, "Na yarda, Baba. Inna ce za ta tambaye ni nawa na sayo, ina son in sami abin gaya mata." Ya yi dariya ya sauko, muka jera tare, har ya ɗora mini gyara. Yau shekaru ke nan ba na sayen na kowa sai nasa, kuma shi da kansa yake fara jeri kafin in fito. Mai gaskiya ba ya ƙin awo, abin da yake ƙi a wulaƙanta shi a gaban mutane. Ka ba shi ruwa, ka kama masa aikin.

In itacen bai kai mita ba, lissafi ya canza. Ninka tsawon tsibi da tsayinsa da tsawon itacen. Tsibi mai tsawon mita 2, tsayin mita 1, na itace rabin mita, wurin da ya ci daidai yake da mita ɗaya ta kowane gefe, amma itacen da ke ciki ya fi na siter, don gajere ya fi haɗe jiki.

7. Lissafin kuɗi kafin ka biya

Farashi na sauyawa da wata da kuma nisan daji, don haka hanyar lissafin zan ba ka, lambobin misali ne. Tara kuɗin itace, da na amalanke, da na takarda, da ladan mai faskare, ka raba da yawan siter. A ce ya tashi jika bakwai, wato sefa dubu bakwai, kowane siter a ƙofar gidanka. Sai ka sayo kashi guda na dala ashirin a unguwa, ka kasa rubu'in siter ɗinka daidai da shi, ka ƙirga. In ya ba da kashi 25, siter ya ba da 100 ke nan, wato jika goma in da kashi-kashi kake saye. Ribarka jika uku a kowane siter, tun ma kafin tsadar Agusta, lokacin da kashin ke ƙanƙancewa kuɗinsa na nan yadda yake.

Bulo da kwano da waya kada ka ɗora su duka a kan shekara guda, za su yi maka shekaru. In kuma lissafi ya nuna ba riba, to an tsawwala maka a wani wuri, galibi a kuɗin ɗauko. Haɗa kai da maƙwabta biyu ku yi hayar mota guda.

8. Faskare kafin jeri

Mutane da yawa na jera guma-gumai yadda suka zo, su ce a riƙa faskarawa kullum. Kuskure ne. Itace ta bakin sara da fuskar faskare yake fitar da ruwa, ɓawo riƙewa yake yi. Kira mai faskare tun rana na da ƙarfi, ya yanka daidai bakin murhunku, ya fasa duk wanda ya fi damtse kauri. Ku yi jinga a kan siter, ba a kan yini ba. Ka baza faskaren a rana kwana uku zuwa sati, in da ɗanye a ciki ya fi haka.

Kashedi: bayan an yanka, tsibinka zai ragu, kada ka zargi kowa da sata. Ko a lissafin waɗanda suka kawo ma'aunin, siter na itace mai tsawon mita in aka raba shi biyu aka sake jerawa yakan dawo kashi 8 cikin 10, in aka raba uku ya dawo 7, in huɗu ya dawo 6. Namu karkatacce ya fi haka raguwa. Itacen na nan, iskar ce ta fita. Saboda haka awon ciniki kafin yanka ake yinsa. Sannan a kori yara daga wurin, tsinken faskare na tashi da nisa kuma ido yake nema.

9. Wuri da gindi

Zaɓi inda ya fi tudu a gidan, inda ruwa ba ya kwanciya. Ka tuna inda indararo ke zuba ka kauce masa. Kada tsibi ya jingina da katanga, musamman ta laka: bar tazarar da mutum zai iya ratsawa a gicce. Gara ta katanga take hawa, kuma itacen da ya manne da bango yana riƙe laima har bangon ya fara zubewa. Ka nisanta shi da murhu, da rumbu, da dangar kara. Tartsatsi guda a cikin iskar bazara ya isa.

Share wurin, cire ciyawa da duk wani guntun kara, daddaɓe ƙasar, zuba toka mai kauri. Jera bulo layi biyu, ka ɗora sandunan shimfiɗa a kai, yadda itacen farko zai tashi daga ƙasa kamar taƙi guda, kana iya leƙawa ka ga wancan gefe. Wannan ratar ita ce rabin aikin. Ta nan iska ke shiga, ta nan kuma za ka ga hanyar gara tun tana fara ginin ta a jikin bulo. Shekarar da na yi ƙyuya na shimfiɗa tsohuwar tabarma kawai, da na zo kan layin ƙasa a Satumba ɓawo na tarar cike da laka, wajen rubu'in siter ya tafi.

Turakun gefe ka shafa wa gindinsu baƙin mai kafin ka kafa.

Kashedi: baƙin mai a gindin turke kaɗai. Kada ka zuba shi a itacen girki, kuma kada ka yarda a fesa wa tsibi fiya-fiya ko wani maganin ƙwari na gona. Abin da ka fesa, a ƙarƙashin tukunya zai ƙone, mai girki da goyonta su shaƙa.

10. Jeri

Manya a ƙasa, matsakaita a tsakiya, sirara a sama. Kowane layi ya kwanta gefe guda, kai da gindi a juye, wato in wannan kaurinsa na gaba, na kusa da shi kaurinsa ya koma baya, don kada tsibin ya karkata. Karkatattu ka ware su, a sama za su zauna ko su fara shiga wuta. In ba ka da turaku, gina ginshiƙi a kowane ƙarshe: layi ɗaya a tsaye, na bisansa a gicce, har sama, da faskare masu faɗin fuska. Duk bayan layi uku ka dafa da hannu biyu ka girgiza. In ya yi rawa, sauke ka gyara tun bai yi tsayi ba.

Kada ka matse shi kamar bulo, kada kuma ka bar ramuka. Inna kan ce a bar wa ɓera hanya amma kada a bar wa kyanwa.

Tsayi kada ya wuce ƙirjinka. In itace ya yi yawa, yi layi na biyu, ka bar taƙi biyu tsakaninsu. Ƙirare kuwa ɗaure su dami-dami ka rataye a rumfa ko ka sa a tsohon buhu a madafa, su ne za su cece ka ranar da gari ya kwana da ruwa.

Kashedi: yara na ɗaukar tsibi matakala. Dogon tsibi da ya rufto kan ɗan shekara uku ba ƙaramin abu ba ne. Gwamma layi biyu gajeru, kuma a ɗaure turakun da waya ta sama su riƙe juna.

11. Rufi

Sama kaɗai ake rufewa. Ɗora kwano ya zarce tsibin da taƙi guda ta kowane gefe, ka ɗaga gefe ɗaya da guntun itace don ruwa ya gangara, kuma ya gangara wajen da zai fice daga gida, ba gindin katanga ba. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka ta gabas ka jingina zana ta kare feshi, sauran gefuna a bar su a buɗe.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne a naɗe tsibi da leda ko tamfol har ƙasa a ɗaure. Laimar ƙasa ta hau, rana ta buga, itace ya yi gumi a ciki, bayan sati uku ka buɗe ka tarar da fumfuna da wari. Wanda ruwa ya ɗan fesa ta gefe rana guda ta ishe shi bushewa, wanda ya yi gumi a leda kuwa ya riga ya fara ruɓa.

Kashedi: dutse kaɗai ba ya riƙe kwano a iskar farkon damina. Huda shi ka ɗaure da waya a jikin turaku ta kusurwa huɗu. Kwanon da iska ta ɗauka wuƙa ne a tsakar gida.

12. Ɗiba da dubawa

A riƙa ɗiba daga ƙarshe guda, daga sama zuwa ƙasa, ba a zaro na tsakiya. Kullum a ajiye na kwana uku a madafa kusa da ɗumin murhu amma ba inda harshen wuta zai kai ba, in an ci na yau a cike gurbinsa.

Kafin hannu ya shiga, a bubbuga tsibin da sanda. Kunama na son ƙarƙashin ɓawo, maciji kuma na bin ɓera. Da dare ba a ɗiba sai da fitila, kuma ba a aiken ƙaramin yaro. Kowane itace a buga shi a ƙasa sau ɗaya kafin a rungume shi. In tsautsayi ya sa kunama ta harbi yaro ƙarami, ko maciji ya sari kowa, a nufi likita nan take, kada a tsaya ɗaure-ɗaure da tsaga.

Duk ranar Juma'a nakan durƙusa in leƙa ƙarƙashi. In na ga siririyar hanyar laka ta hau jikin bulo, in kankare ta, in bi ta har inda ta fito, in zuba tafasasshen ruwa, in ƙara toka. Itacen da ta riga ta taɓa a cire shi ya shiga wuta ranar. Bayan kowane babban ruwa kuma a duba ko ya kwanta a gindi, in ya kwanta a ja masa 'yar hanya da fartanya.

Da kaka ta yi, abin da ya rage ka sauke shi gaba ɗaya, ka baza a rana, ka ɗaga bulo ka share, ka sake zuba toka. Auna ragowar da sandarka ka rubuta a bangon madafa da gawayi: siter nawa ka saya, nawa ya rage, wace rana aka fara ɗiba. Wannan rubutun za ka duba a watan Maris kafin ka aika wa mai amalanke. Tsohon itacen kuma shi za a ɗora a bakin ɗiba, sabo ya bi bayansa.